Shafin Ɗan Wanzami

Tun da Yaya Abdulmuhaimin ya sauka daga Kaduna Rauda ta san ba hutu ya kawo shi ba. Mahaifinsu Malam Kalilu ne ya kira shi, ya ɗora masa binciken yaron da ke neman aurenta, wato Izzuddeen, likitan haƙori a Argungu. Ranar Juma'a mai zuwa kuwa Malam ya ce zai yanke magana.

Da la'asar suna tsakar gidansu na unguwar Nasarawa a cikin Birni, Umma na tsintar shinkafa a faifai, Rauda na yanka albasar garin Augie, tana fakewa da yajinta tana share ido. Yaya ya fito daga ɗaki riƙe da waya yana dariya shi kaɗai.

"Autar Umma, zo ki gani."

"Mi na na, Yaya?"

"Likitanki nika nema. Na rubuta likitan haƙori a Argungu, babu shi. Na rubuta sunan asibitin, babu shi. Na ga masu kihi, na ga masaukin baƙi, ban ga likita ba. Wane irin likita na wanga da ko Gugul bai san da zamanshi ba?"

Umma ta ɗago kai. "Shi Gugul ɗin kowa ya sani?"

"Umma, har mai tsiren bakin tasha ya sani."

Ya sake latsa wayar ya miƙo wa Rauda. Sunan farko da ya fito shi ne na Dakta Abdussamadu, abokin Yayan tun suna sakandare, mai asibitin haƙori hawa biyu a unguwar Gesse. Shi ma yana son Rauda, kuma kowa a gidan ya san inda zuciyar Yaya ta karkata.

"Kin gani? Na ɗaya. Kuma ke kika yi mishi shafin da hannunki. Shi wancan ma ba ohishinku ya yi mishi ba? To mi ya hana nashi hitowa? Ni ba ni ɓata man motata zuwa Argungu don wanda babu shi. Ran Juma'a gaban Malam zan nuna."

Rauda ta sunkuyar da kai. Wannan karon ba albasa ba ce ta kawo hawayen.

Yaya bai san amsar tambayarsa na zaune a gabansa ba.

Aikin Rauda ke nan tun da ta gama karatun kwamfuta. Ita da ƙawarta Joyce suna da ɗan ofishi inda suke gina wa 'yan kasuwa da asibitoci shafin intanet, su kuma gyara shi yadda duk wanda ya nema zai samu. A nan Izzuddeen ya zo bara a yi wa asibitinsa shafi. Bai ɓoye mata komai ba. Mahaifinsa Riskuwa wanzami ne, kakansa ma haka, asibitin kuma a ƙofar gidansu ya gina shi, jikin rumfar da tsohon yake aski da ƙaho.

Da farko duk ta sa wannan a shafin. Sai so ya shiga, tsoro ya biyo bayansa. Gidansu gidan malamai ne, jikokin alƙalai, ba ta taɓa jin an ba ɗan wanzami 'ya a zuri'arsu ba. Burinta su fara ganin Izzuddeen, su ga nutsuwarsa, su so shi, kafin su ji asalin. Don haka wata rana ta zauna ta cire adireshin, ta cire sunan tsohon, ta cire hoton ginin ta sa na wasu Turawa masu fararen haƙora. Ta kuma ƙara wani ɗan layi a bayan shafin, wanda yake gaya wa Gugul kada ya nuna shi ga kowa.

Ta ɓoye shi don kada a ƙi shi. Yanzu ga shi za a ƙi shi don ba a gan shi ba.

*

Washegari da hantsi suka hau motar Argungu ita da Joyce, da sunan aiki. Fadama ta yi kore shar da shinkafa hagu da dama, amma Rauda ba ta ga ko ɗaya ba.

"Ki faɗa mishi kawai," in ji Joyce. "Dakta ba ya cizo. Haƙoran mutane yake cirewa."

"Joyce, don Allah bari."

"Na bari. Amma tun ranar na ce miki wannan layin zai jawo magana."

A rumfar ƙofar gida suka tarar da Baba Riskuwa yana wasa aska, zabirarsa ta kayan aski a gefe. Suka durƙusa suka gaishe shi.

"Lahiya lau, ɗiyata. Kun sha hanya. Ku shiga, shina ciki shina gadin kujeru."

Ya faɗa yana dariya, amma maganar ta soki Rauda. Da suka shiga kuwa kujerun jira duk babu kowa, sai wata tsohuwa da ke fita riƙe da kunci. Izzuddeen ya fito yana cire safar hannu, fuskarsa ta washe da ya gan ta.

"Yau wace rana! Ko Yaya ya aiko ku ku duba ko da gaske ina da injin?"

Joyce ta ce za ta je ta duba kifi a kasuwa, amma bakin ƙofa kawai ta tsaya. Rauda ta zauna a gefen kujera tana murza bakin mayafinta.

"Izzuddeen, ina da magana. Ka bari in kai ƙarshe kafin ka ce komai."

Ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan. "Ina jin ki."

Ta faɗa masa duka. Adireshin, hoton, sunan Baba, da layin. Tana tsayawa ta haɗiyi kuka ta ci gaba. Shi kuwa bai motsa ba, idonsa na kan tayil.

Da ta gama ya ɗago kai.

"Watannin nan," ya ce a hankali, "ina ta tunanin ko hannuna na bai da kyau. Wani malamin makaranta ya ce min ɗanshi na Abuja ya nemi inda za a kai shi uban a Argungu ta intanet bai samu ba, sai Birni anka kai shi da kumburarren baki. Na ce to, haka intanet ta gada, sai a hankali. Ashe ke ce."

"Wallahi ba don in cuce ka ba na yi."

"Na sani."

"Tsoro na ji. Ba ka san gidanmu ba. Da sun ji kalmar wanzami ba za su tsaya su ji sauran ba. Ni kuma ba ni iya rasa ka, Izzuddeen, wallahi ba ni iyawa."

Kuka ya ƙwace mata. Ya miƙa mata audugar da ke kan tebur, don ita ce kusa, ta karɓa ta rufe fuska.

"Rauda, dubi tagar can."

Ta duba. Baba Riskuwa ya sunkuya kan wani mutum yana yi masa gyaran fuska, suna hira.

"Tsohon can da awartaki shika cire haƙori tun ban san kaina ba. Ni nika riƙe mishi ƙwaryar ruwan gishiri. Ran da wani ya suma a hannunshi, ya dawo gida ya ce min, kai ba da wanga ƙarhe za ka yi ba, tahi ka koyo na zamani. Ya daina cirewa tun ranar. Duk wanda kika gani ya shigo nan, shi ya turo shi. Ko sunan da na raɗa ma asibitin ba wanda ya riƙe. Gidan Riskuwa suka sani."

"Na sani. Ko a intanet hakan suke rubutawa. Ɗan Riskuwa mai haƙori."

"To kin gani. In na shiga gidanku da shi ɓoye, ran ɗaurin aure ina zan aje shi? Bayan gida?"

"Kar ka ce haka."

"Ban yi hushi ba. Zuciyata ta yi nauyi dai. Shafin aikinki na, Rauda, ba ni tilasta ki. In kin bar shi yadda shike, Yaya ya ce babu ni. In kin buɗe, Malam ya ga ko ni wane ne. Dut biyun ana iya hana ni ke. Amma in za a hana ni, na hi son a hana ni da sunan ubana."

Rauda ta share fuska. Ta ɗauki jakarta, ta zaro kwamfutar ta ɗora kan tebur, ta soka modem.

"Joyce! Shigo, na san kina nan."

Joyce ta leƙo. "Kifin ya yi tsada."

Nan suka zauna har azahar. Layin nan Rauda ta fara gogewa. Sannan ta sake kan shafin ya zama: Likitan haƙori a Argungu, Gidan Riskuwa Wanzami. Ta mayar da adireshin, ta dasa alamar wurin a taswira daidai bakin rumfar, ta sa lambar waya da lokutan buɗewa. Joyce ta kwashe Turawan nan ta zubar.

"Ku sauka lafiya," ta ce musu. "Ko ɗayanku bai taɓa cin tuwon shinkafa ba."

Rauda ta sa Izzuddeen ya faɗo tambayoyin da mutane suka fi yi masa, tana rubuta amsar kowace da Hausa a shafinta daban. Me ke kawo kumburin dasashi. Ko mai ciki za ta iya cire haƙori. Yaushe ake kai yaro. Ta ce masa duk wanda ya ji daɗin aikinsa cikin masu babbar waya, ya roƙe shi ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, kada ya saya, kada ya ƙirƙira.

Saura hoto.

Da aka gaya wa Baba Riskuwa sai ya ce sam, ba da wannan rigar ba. Ya shiga gida ya daɗe, ya fito da farar babbar riga da hula, ya rataya zabirarsa.

"Baba, a aje jakar mana," in ji Joyce.

"A'a, ɗiyata. In ba ta, wa za ya gane ni?"

Ya tsaya kusa da ɗansa mai farin kwat, ya ƙame kamar soja. Rauda ce ta ɗauka. Ta ɗora hoton a saman shafin, ta rubuta a ƙasa: Dakta Izzuddeen da mahaifinsa, Riskuwa Wanzami. Daga nan ta aika wa Gugul buƙatar ya zo ya sake duba shafin.

"Yanzu ya hito?" Izzuddeen ya tambaya.

"A'a. Sai ya zagayo. Wani lokaci kwana kaɗan, wani lokaci makonni. Ba ni da iko da wannan."

"Juma'a kuma ba ta jira."

"Ba ta jira."

Ya raka su bakin titi. Da za ta shiga mota ya ce, "Rauda, na gode." Ta gyaɗa kai ta shiga.

*

Kwanakin da suka biyo baya a kan waya ta yi su. Ta idar da sallah ta duba, babu. Ta gama shara ta duba, babu. Ranar Laraba Abdussamadu ya zo da yamma, ya ajiye mota a ƙofar gida, ya aiko da kwalin lemo. Ta fita don Umma ta matsa.

Ba mugun mutum ba ne. Ya gaishe ta da fara'a, ya yaba aikin da ta yi masa.

"Tun da kika gyara min shafin nan har daga Jega ana zuwa. Na ce ma Abdulmuhaimin, wagga ai ba ta waje ba ta, ta cikin gida ta."

"Aikina ne, Dakta. Kowa na yi wa."

"Kowa?" Ya yi murmushi. "To ai ba kowa ya hito ba."

Ta ce masa Umma na kiranta, ta koma ciki.

Ranar Alhamis Umma ta same ta a ɗaki tana ninke kaya. Ta zauna bakin gado ta jima tana kallonta.

"Rauda, kin rame. Hwaɗa min gaskiya, mi ke ga yaron nan da kike ɓoyewa? Ni na haihe ki."

Rauda ta saki zanen da ke hannunta, ta zube a ƙasa ta ɗora kai a cinyar Umma.

"Umma, babanshi wanzami ne."

Hannun Umma da ke shafa kanta ya tsaya cak.

"Innalillahi. Rauda! Wanzami?"

"Umma, sana'a ce. Ba sata ba ce. Da ita ya yi mishi karatu har ya zama likita."

"Ni kike gaya ma sana'a? Wa ya yi miki askin suna in ba wanzami ba? Ba mu raina su ba. Amma aure daban na, ɗiyata. Gwaggwanninki za su cinye ni ɗanya. A ce ɗiyar Malam Kalilu, jikar alƙali? Ga Abdussamadu, mun san uwarshi, mun san ubanshi, gidanshi nan kusa, ko ciwon kai kika yi da ƙahwa zan taka in zo."

"Ba ni son shi, Umma."

"So na zuwa daga baya."

"Nawa ya riga ya zo."

Umma ta kau da kai. Hawaye ya zubo mata ita ma, ta goge da gefen zane.

"Kar ki bari Malam ya ji. Ki bar yayanki ya ce bai gan shi ba, magana ta mutu da mutunci. Ya hi a ce an kore shi don asali."

"Umma, na riga na sa a shafin. Har da hoto."

Umma ta dafe ƙirji. "Kin kashe kanki, yarinyar nan."

*

Bayan an sauko daga Juma'a Malam ya kira su falonsa. Yana zaune kan buzu, littattafai jibge a bayansa. Umma ta rakuɓe gefe, Rauda na bayanta. Da safen nan ma ta duba, babu. Ita kanta ba ta san wanne take roƙo ba, ya fito ko kada ya fito.

"Abdulmuhaimin, mi ka samo?"

"Malam, gaskiya ban samu komai ba. Yanzu zamani na da ko mai shago ana ganinshi a waya. Wanga kuwa babu ko alamarshi. Bari in nuna maka da idonka."

Ya matso ya durƙusa, yana rubutawa yana karantawa da ƙarfi. "Likitan haƙori a Argungu. To ka gani, Malam, babu k..."

Maganar ta maƙale.

Rauda ta ɗago. Daga inda take tana hango farar babbar riga a fuskar wayar.

"Ba ni wayar nan," in ji Malam.

Ya sa tabarau ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa yana turawa sama a hankali, leɓensa na motsi.

"Malam, ka gani ko?" Yaya ya farfaɗo. "Ai gara da ya hito. Ɗan wanzami na! Ga zabira nan rataye. Wanga ai ba sai an..."

Malam ya ɗaga hannu. Yaya ya haɗiye sauran.

"Kai na aika Argungu, ka tsaya ga waya. Wayar ma ka ce babu, ga shi akwai. Zauna."

Ya juyo ga Rauda, ya dube ta ta saman tabarau.

"Wa ya rubuta wanga?"

"Ni ce, Baba."

"Tun yaushe kika san sana'ar gidansu?"

"Tun farko."

"Kika ɓoye min."

"Na ɓoye, Baba." Hawaye na bin kuncinta, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Shi bai san na ɓoye ba. Da ya ji, ya ce in za a hana shi, a hana shi da sunan mahaifinshi. Shi ne na mayar."

Malam ya gyara tabarau. Ya sake kallon hoton. Sannan ya miƙa wa Yaya wayar.

"Lambar da ke ƙasa. Kira min."

"Malam..."

"Kira."

Yaya ya latsa, ya miƙa masa. Rauda ta damƙe hannun Umma. Ta ji ƙarar shiga, sau ɗaya, sau biyu, sannan muryar Izzuddeen siririya daga nesa tana sallama.

"Wa alaikumus salam. Kalilu na, daga Birni, mahaihin Rauda." Ya saurara kaɗan. "Lahiya lau. Ba kai nika nema ba, yaro. Tsohon shina kusa? To kai mishi."

Ya rufe bakin wayar da tafinsa, ya dube su.

"Ku ba ni wuri. Dukanku."

Suka fita. Yaya ya wuce ɗakinsa ya bugo ƙofa. Rauda kuwa ta jingina da bango kusa da labulen, Umma na gefenta. Muryar Malam na fitowa ƙasa ƙasa.

"Barka da Juma'a. Ina gajiya? Ya iyali? Ya ruwa wajenku bana, bai ci gonaki ba? Madalla. Ya jama'ar Argungu? Ya sana'a?"

Rauda ta dubi Umma.

"Umma, korar shi zai yi ko? Zai ce ma tsohon ya ja wa ɗanshi kunne?"

Umma ta kasa kunne. Malam na can yana tambayar lafiyar jikoki. Ta saki doguwar ajiyar zuciya, irin ta wadda ta hango aikin da ke gabanta, ta jawo Rauda jikinta.

"Shekara talatin ina gidan ga, ban taɓa jin ubanki ya tsawaita gaisuwa da wanda za ya kora ba." Ta goge mata hawaye da tafin hannu. "Tashi ki wanke ido. Ni ki bar ni in yi tunanin abin da zan gaya ma gwaggwanninki."